Suruki a Ƙarƙashin Mota

Aji uku na yi a lakol, wato makarantar boko, kafin mahaifina ya gano cewa tumakinsa sun fi malamin lakol bukatata. Saboda haka duk wanda ya ga wani harafi ya karkace a rubutun nan, ya je ya tuhumi tumaki. Amma akwai abu guda da ba na yarda a yi mini gardama a kansa, shi ne birkin mota. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina tuƙa bashe, wato motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol, tsakanin Gidan Rumji, Cadakori da Maraɗi. Na ɗauki gero, na ɗauki wake, na ɗauki awaki da masu su. Ban taɓa kashe ko kaza ba, in ban da guda ɗaya, ita ma da niyyarta ta zo.

Idan iska ta shiga birki, ka taka sai ka ji kamar ka taka fura. Ƙafa ta yi ta tafiya har ƙasa, mota ma ta yi ta tafiyarta. Sai ka buga sau uku, sau huɗu, kafin birkin ya tuna aikinsa. Maganin ba wuya, amma aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna kan kujerar direba. Ɗaya ya kwanta ƙarƙashin mota riƙe da kile, abin da mutanen Najeriya ke ce wa sufana, wajen wani ɗan noti mai rami da ke bayan kowace taya. Na ƙasa ya ce, "Buga!" na sama ya yi ta buga birki. Ya ce, "Riƙe!" na sama ya danne ƙafa, kada ya motsa. Na ƙasa ya kwance noti, mai ya tsarto tare da kumfa, ya ɗaure maza, sannan ya ce, "Saki!" In na sama ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, iskar da aka kora sai ta koma, har ta gayyato danginta.

Kalma uku ke nan. Jaki ma in ka ba shi sati guda zai riƙe su. Ni da surukina mun kwashe wuni.

Surukin nan, mijin ɗiyata ta fari, ɗan wani tsohon gida ne a Tibiri, irin gidajen da ake koya wa yaro gaisuwa kafin a yaye shi. Aikinsa gyaran injin niƙa da injin ban-ruwa, kuma hannunsa na da kyau, wannan kowa ya shaida. Amma a lokacin da nake ba da labari shekara goma sha ɗaya ke nan da auren, ban san launin idonsa ba. Takalminsa ya san iyakarsa, gindin itacen bedin da ke ƙofar gidana. Daga can yake tuɓewa, ya tako cikin ƙaya da kashin awaki, ya durƙusa, ya gaishe ni, ya gaida gajiyata, ya gaida gonata, ya gaida gajiyar da na yi bara. Bai taɓa cin abinci a gabana ba. Duk ranar da ya zo gidana sai ta dace da azuminsa na nafila. Akwai lokacin da na fara zaton ba shi da haƙora.

Muryarsa kuwa, in yana magana da ni, sai ka rantse sauro ne ke neman gafara. Ni kuma kunnena na hagu, na wajen taga, iskar hanya ta cinye shi tuntuni. Na dama yana aiki, amma rabin wuni, kamar buro, ofishin gwamnati, ranar Juma'a.

Ɗiyar tawa ba zan rubuta sunanta ba. Ko da baki ban taɓa faɗinsa ba, balle a takarda, ta fari ce. In ina nemanta sai in ce wa uwarta, "Ina yarinyar nan?" ko da yake yarinyar ta haura talatin. Sau biyu ta haihu a gida, sau biyu muka naɗe abin da aka haifa cikin ɗan ƙyalle muka nufi bayan gari. Wannan ba wurin wasa ba ne, shi ya sa na faɗe shi gajere. Da ta samu na uku, ungozomar gidan likita ta Gidan Rumji ta ja kunnen uwarta. Ta ce wannan karon, da an ga alama a kawo ta, kada a tsaya jiƙa saiwa. Sai aka dawo da ita gidanmu, don inda suke zaune can bakin gulbi ne, in damina ta kankama ko jaki sai ya yi shawara kafin ya fita. Daga ƙauyenmu kuwa, amalanke kan yi awa uku zuwa Gidan Rumji, mota ba ta cika awa guda ba. Kuma mota ɗaya ce a ƙauyen. Tawa.

Na daina tuƙi shekara biyu kafin nan, bashe na ajiye bayan rumbu. Kowace Juma'a nakan tada injin ya yi tari ya gyara murya, in kashe. Kaji sun mai da bayanta gidan haya.

Wata safiya tsohuwata, uwar yarinyar, ta tsaya kaina ina shan koko.

"Malam, abin can na bayan rumbu, mota ce ko akurki?"

"Mota ce. Hutawa take."

"To hutun ya isa. Wata ya tsaya."

Na gane watan haihuwar yarinyar take nufi. Na je na taka birki, ƙafa ta wuce kamar ta faɗa rijiya. Na leƙa, tiyon roba na baya ya tsage, man ya tsiyaye cikin rairayi. Na ɗauki salula na kira suruki. Ba zan iya ce masa ɗiyata ta kusa haihuwa ba, uba ba ya ganin cikin ɗiyarsa ko da ya tokare ƙofa. Shi ma ba zai iya ambaton matarsa a gabana ba. Sai na ce ina son in kai wake kasuwar Cadakori, birki ya ƙi. Ya ce to, Baba, wake ai ba ya jira. Wake kuwa a lokacin ko fure bai yi ba.

Ranar Alhamis da hantsi ya iso kan moto, da sabon tiyo daga Maraɗi da gwangwani ɗaya na man birki. Ɗaya. Ku riƙe wannan. Lokacin maimai ne, noma na biyu, duk mai ƙafa biyu da hauya yana gona, ba wanda ya rage a gari sai tsofaffin mata, awaki, da ni. Bayan gaisuwa, wadda ta ci abin da ta ci na safiyar, ya ɗaura tiyo cikin ɗan lokaci, ya cika ɗan tulun man da ke gaba wajen injin. Saura fitar da iska.

Ni na riga na yi dabara. Na ce in ni ne a ƙasa, ni ke ba da oda, kuma ba suruki oda bai taɓa yi mini wuya ba.

"Hau kujera. Ni zan shiga ƙasa."

"To, Baba."

Na shimfiɗa buhu, na rarrafa na shige, na laluba na samu noti. Na ce, "Buga!" Sai na ji wani ɗan motsi kamar kaza na tono. Na sake cewa buga. Motsin bai ƙaru ba. Na leƙo da kai. Ga surukina durƙushe a ƙasa bakin ƙofar mota, ya miƙa hannu ciki yana danna birki da tafin hannu.

"Mi kake yi haka?"

"Baba, ai ba ya yiwuwa in hau bisa kujera kuna kwance cikin ƙasa ƙarƙashina."

"Kujerar mota ce fa, ba karagar sarki ba."

"Haka ne, Baba."

Bai hau ba. Birki kuwa ba ya jin lallashin hannu, ƙafa yake so, ƙafa mai ƙarfi. Ina cikin yi masa bayanin wannan daga ƙasa sai bayana ya riƙe, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Sai da aka fito da ni. Jan ƙafar uban mata ba ya cikin abin da aka koya masa a Tibiri, don haka buhun ya kama ya ja, na fito a kai kamar an zaro gurasa daga tanda. Ya ba ni haƙuri. Ban san a kan me ba, amma na karɓa.

Muka sauya. Ni kan kujera, shi a ƙasa. Ƙa'idar aikin ita ce a fara da tayar da ta fi nisa da direba, ta baya hannun dama. Wato an ɗauki mai muryar sauro an kai shi wuri mafi nisa daga kunnen da ke aikin rabin wuni. Ya kuma zagaya ya shiga ta can gefe don kada tafin ƙafarsa ya dubi inda nake.

Na zauna ina jira. Can na ji wani ɗan zuuu yana tasowa daga ƙasa. Na kasa kunne.

"Baba, Allah ya ƙara girma, in ba a gaji ba, ko za a ɗan taimaka a ɗan buga."

Na buga. Na yi ta bugawa ina jiran a ce riƙe. Ƙa'ida bugu huɗu ne ko biyar. Na kai wajen arba'in kafin zuuu ɗin ya dawo.

"Baba, Allah ya ja kwana, in da hali, a ɗan tsaya haka nan, a ɗan danne."

Na danne. Ya kwance noti, na ji ƙafata ta nutse zuwa ƙasa kamar yadda ya kamata. To nan ne wurin. Daga kan kujera ba ka ganin ko an ɗaure, sai an faɗa maka. Gwiwata ta dama kuwa, wadda ta yi shekara talatin tana wannan aiki ba fansho, bayan bugu arba'in ta fara rawa. Na daure. Na ji zuuu ya taso, na ce alhamdu lillahi, saki ke nan, na ɗaga ƙafa. Ashe abin da yake cewa shi ne, "Baba, a yi mini afuwa, a ɗan ƙara riƙewa kaɗan, kilen ne ya zame." Kafin ya kai ga kilen, iska ta koma gidanta.

Ya fito yana kakkaɓe riga, ya ƙara mai a tulu.

"Yaya?"

"Laifina ne, Baba. Hannuna ya yi nawa."

Muka sake. Karo na biyu ya ce notin ne ya tsufa. Karo na uku ya ce rana ce ta yi zafi, man ya tsinke. Karo na huɗu ya ɗora laifin kan waɗanda suka ƙera motar, can ƙasarsu, ya ce ba su yi tunani ba. Ƙafata dai ba ta taɓa shiga lissafi ba. Ya san ita ce. Na san ya sani. Amma shi ba zai ce wa uban matarsa ka saki da wuri ba, ni kuma tsohon direba ba ya gaya wa surukinsa cewa gwiwarsa na kaɗawa kamar jelar ɗan akuya. Kowannenmu ya rufa wa ɗan'uwansa asiri da kyau, man birki kuwa yana ta shiga rairayi.

Na kira shi, na ce, "Ka ga, ba wa'azi za ka yi mini ba. Kalma uku ce. Ka faɗe su gajeru, ka ɗaga murya."

"To, Baba," in ji shi, da muryar da ta fi ta ɗazu ƙanƙanta.

Na ce to, bari maganar, ka ƙwanƙwasa ƙarfe da kile, ɗaya buga, biyu riƙe, uku saki. Ya amsa. Amma ƙwanƙwasa wa babba ƙarfe kamar ana kiran jaki ga dusa, wannan ma ya yi masa nauyi. Sai ya riƙa taɓa ƙarfen kamar mai gwada ƙwai a kasuwa. Ga shi kuma kilen da zai buga da shi, shi ne ke kan noti. Wannan dabara ta ci mana wani kason man.

Na kira tsohuwata ta tsaya tsakani, ta ji daga gare shi ta faɗa mini. Wannan shi ne kuskure mafi girma a ranar, kuma nawa ne. A gabana surukina na da muryar sauro. A gaban uwar matarsa numfashi ma sai da izini. Ta tsaya, hannu a ƙugu.

"Mi ya ce?" na tambaye ta.

"Bai ce komi ba."

"Duba ko yana da rai."

"Ƙafarsa na motsi." Ta juya. "Ku biyun ga, da kunya na tada mota da yanzu kun kai Makka kun dawo."

Aka kira azahar, muka yi salla gindin bedi, shi yana can baya kamar jama'ar mutum ɗari ce a tsakaninmu. Aka kawo fura. Ya ce yana azumi. Na sha tawa, na sha tasa, na ɗauki gwangwanin mai na girgiza kusa da kunnen kirki. Abin da ya rage bai wuce yatsa biyu ba. Na je na taka birki in ji inda muke. Da safe, in ka buga sau biyar yakan ɗan kama. Yanzu, bayan wuni guda na ladabi, ko ka buga har gobe ba ya kamawa. Mun zuba masa iska fiye da wadda muka tarar. Birkin hannu kuwa ya rasu tun ina kan aiki, wani dutse da nake ajiyewa bayan kujera shi ya gaje shi. Tsakaninmu da Gidan Rumji akwai gangaren ƙorama, mai tsawo, da kwana a ƙarshensa. Ba a saukarsa da addu'a kaɗai.

Ina cikin tunanin in tura shi kan moto ya sayo wani gwangwanin, tafiya da dawowa cikin rairayi ya fi awa, sai tsohuwata ta fito. Kallabinta ya karkace, ba ta gyara ba. Ba ta dube ni ba, ba ta dube shi ba. Bedi ta duba, ta ce masa, "A kawo mota bakin ƙofa."



Sai daga cikin gida muka ji murya. Sau ɗaya, gajera, kamar wadda aka danne da zane ta kuɓuce. Matan gidanmu ba su yin ƙara a wannan hali, abin kunya ne a wurinsu. Yarinyar nan kuwa tun tana ƙarama kunama ta harbe ta ba ta gaya wa kowa ba sai da ƙafa ta kumbura. In ita ta yi ƙara, to abin ya kai.

Surukina ya miƙe. Ya fizge gwangwanin daga hannuna, fizgewa, ba karɓa da hannu biyu ba. Ya juye abin da ya rage cikin tulu, ya faɗa ƙarƙashin mota ta gefena, tafin ƙafarsa biyu suna duban fuskata sosai. Na hau kujera don ban ga wani abin yi ba.

"Buga!"

Kajin da ke bayan mota suka watse. Na waiwaya in ga ko wani jandarma ne ya shigo gari. Ba kowa.

"Buga, na ce!"

Na buga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

"Riƙe! Riƙe nan! In ka ɗaga ƙafar ga, wallahi..."

Bai ƙarasa ba. Har yau ina son in san abin da zai yi mini. Gwiwata, wadda tun safe take rawa, ta tsaya cak kamar an dasa ta. Ashe ba tsufa ke damunta ba, rashin tsawa ne.

"Saki! Buga! Riƙe! Saki!"

Ya mirgina zuwa tayar baya ta hagu. Nan kunnena mataccen ma ya farfaɗo ya fara karɓar saƙo.

"Kai tsoho, ba fura biyu ka sha ba? Buga da ƙarfi!"

Ashe yana ƙirgawa. Na buga da ƙarfi. A taya ta uku na ji birkin ya fara tasowa ƙarƙashin ƙafata, yana turo ni. Ya fito a guje ya leƙa tulu, don in man ya ƙare a can sama aikin duka ya tashi banza, ya ce saura kaɗan, kada in kuskura in yi bugun banza ko guda. Ban kuskura ba. A taya ta huɗu man ya fito siriri, ba kumfa, ya ɗaure.

"Taka!"

Na taka. Ƙafa ta tafi ɗan taƙi kaɗan ta ci karo da abu kamar dutsen niƙa.

"Ya kama?"

"Ya kama, maigida," na ce. Da gaske na faɗa, bakina ne ya ga ya dace.

Ya fito daga ƙasa ya tsaya a gabana, kuma a ranar na ga idonsa. Ja ne, ashe, kuma ruwa na zuba. Ya ce man birki ne ya faɗa masa. Na yarda. Man birki yana haka.

Na kawo mota bakin ƙofa. Aka jefa katifa a baya inda kaji suka tashi, tsohuwata ta fito riƙe da yarinyar. Ban dube ta ba, ba a yi. Madubi na gyara, madubin ne ya dube ta. Na buɗe wa suruki ƙofar gaba. Ya dubi kujerar da ke kusa da ni, na ga Tibiri ta fara dawo masa, sai ya zagaya ya taka ƙarfen baya ya riƙe sandar tamfol, a tsaye, ba takalmi.

Hanya ta jiƙe da ruwan shekaranjiya, rairayi ya kwanta, motar ta tafi fiye da yadda na zata. Ina jin tsohuwata a baya tana cewa a hankali, in na rage kuma ta ce mi nake jira. Muka iso gangaren ƙorama. Na sa giya ta biyu, na fara sauka. A ƙarshen gangaren, daidai kwanar, burtali ya ratsa hanya, kuma ba a ganinsa sai an zo kansa saboda gero ya yi tsawo. Na karya kwana sai ga shanu, jajaye masu dogon ƙaho, sun cika hanya daga wannan gona zuwa waccan, wani bijimi ya tsaya a tsakiya yana dubana kamar ni na shigo masa ɗaki.

Sau ɗaya na taka.

Motar ta durƙusa ta tsaya. Tsakanin hancinta da hancin bijimin, kamu guda ne, ko ƙasa da haka. Ya hura wa fitila numfashi. Wani dattijon Bafillace, mai shanun, ya taho da sandarsa a wuya, ba gaggawa.

"Sannu, direba. Birkinka na da kyau."

"Yau aka yi shi," na ce.

Ya gyara tsayuwa zai fara gaisuwa, daga gani shi ma ɗan gidan mutunci ne. Sai ya hangi katifa da abin da ke kanta, ya kau da kai, ya yi wa shanunsa wata irin ƙara da harshensu. Surukina ya riga ya diro yana kora da hannu biyu cikin taɓo. Hanya ta buɗe.

Mun isa gidan likita la'asar ba ta yi sanyi ba. Aka shiga da ita, uwarta na biye. A filin akwai bedi biyu, ɗaya nan ɗaya can. Na ɗauki ɗaya, ya ɗauki ɗaya, na nesa. Na ƙirga ganyen da ke ƙasa, na ɓata, na sake. Mun taɓa yin irin wannan zaman sau biyu, ni da shi, a ƙofar gidana, kuma duka biyun shiru ne ya fito daga ɗaki.

Rana ta kusa faɗuwa sai muka ji kuka. Ba ƙaramin kuka ba, kuka mai neman a ba shi hakkinsa yanzu-yanzu. Ungozoma ta leƙo tana goge hannu, ta ce mace ce, da ita da uwar lafiya lau. Ta ce cibiya ta naɗe wuya, kun kyauta da kuka kawo ta da wuri. Ta tsaya tana jiran ta ga murna. Ni kuwa, jikata ce ta fari daga ɗiyar fari, ba ni da izinin washe baki a gaban mutane, sai na tashi na je na shuri tayar gaba in ji ko iskarta ta ragu. Shi kuma ya ce bari ya duba ko notin baya na ɗiga. Ya shige ƙarƙashin mota ya daɗe. Injin a kashe yake, amma motar na ɗan girgiza. Ban leƙa ba. Tsohuwar mota takan yi haka.

Daga ranar surukina ya ɓace. Washegari da aka sallame su na dawo da mai jego gida, shi ya hau kabu-kabu ya bi wata hanya. Motonsa ya kwana shida a gidana, takalminsa na gindin bedi, har kaza ta fara tunanin yin ƙwai a ciki. Jajiberin suna sai ga baffansa daga Tibiri, dattijo mai rawani, da ƙullin goro. Bayan gaisuwa, wadda ta nuna mini inda yaron ya gado, ya sunkuyar da kai.

"Malam, yaron ga ya aiko ni. Ya ce ya yi abin da ba a yi. Ya ce ya ɗaga muku murya, har ya kira ku da abin da bakina ba ya iya maimaitawa. Ya kasa ci, ya kasa zuwa. Ya ce ko sunan ma sai dai a yi ba shi."

Na ɗauki goro guda na fasa, na ɗan yi tunani irin na manya.

"Wace murya?"

"Ranar gyaran mota."

"Alhaji, ni kunnena ya mutu tun ina direba, kowa ya sani. Ban ji komi ba. Ina zaune dai kan kujera, na ga birki ya kama."

"Haka nan, shi kaɗai?"

"Haka nan. Ikon Allah."

Dattijon ya dube ni, na dube shi. Ya ce lalle ikon Allah da yawa yake. Ya tashi ya tafi da saƙo.

Da safe, kafin a raɗa suna, sai ga surukina gindin bedi. Ya tarar da takalminsa, ya dube su, ba abin tuɓewa tunda ga su a tuɓe, sai ya wuce su ya tako ya durƙusa. Ya gaishe ni, ya gaida gajiyata, ya gaida gonata. Muryar sauro ta dawo daram, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Na ce masa a kawo fura? Ya ce yana azumi.

Shekara bakwai ke nan. Bashe ta koma bayan rumbu, kaji sun sabunta haya, birkinta kuwa har yau in na taka ranar Juma'a dutse ne. Na gwada duk dabarar da na sani in sake jin muryar nan, har ƙarya na taɓa yi masa cewa birkin ya sake laushi. Ya zo, ya durƙusa bakin ƙofa, ya danna da hannu, ya ji shi tauri kamar ƙarfe, ya ce lalle Baba, akwai ɗan laushi.

Yarinyar da aka haifa ta shiga lakol bana, saura aji biyu ta kamo ni. In an kawo ta hutu, ita ke hawa kujerar direba ta kama sitiyari, ni in tsaya a baya in yi kamar ina turawa. Ta leƙo ta taga, ta cika ƙirji.

"Kai tsoho! Tura da ƙarfi!"

Kaji su watse. Uwarta ta ce ba ta san inda ta samo wannan murya ba, tunda ubanta ko tari ba ya yi da ƙarfi. Ni dai in sunkuya in tura.